Ruwan Hutun Atiar

Safiyar da abin ya fara, hazo ne ya sauka a kan ƙauyenmu kamar an juye madara. Tsakiyar watan Poush ne, watan tsananin hunturu a kalandarmu, sanyi yana cizon yatsu, raɓa tana ɗiga daga ganyen ayaba tamkar yayyafi. In ka miƙa hannu za ka ga hannun, amma saniyar da ke ɗaure a gabanka sai dai ka ji numfashinta. Irin wannan safiyar mu masu mazarƙwailar dabino muke roƙo, domin in dare ya yi sanyi sosai, ruwan da ya taru a tulu yakan kwana garau, ba tsami ko kaɗan. Ina tsugune ina hura murhu sai ga Morjina, matar ɗana, ta fito lulluɓe da mayafi, waya a hannunta.

Na ce, "Uwata, ina za ki cikin wannan sanyi?"

Ta ce, "Wurin Abbana zan je, Abba, in ɗauke shi a waya. Mizan ya ce yana kewar hazon gida."

Mizan ɗana ne, mijinta, yana aikin gini a Oman. Mahaifinta kuwa shi ne Atiar, wanda nake son ba da labarinsa. Ni sunana Keramot, kuma da zai yiwu in ba da labarin ba tare da na shiga ciki ba, da haka na fi so.

Atiar Gachhi ake ce masa, wato mai hawan dabino. Yana da shekara goma sha biyu ya fara bin mahaifinsa da igiya, kuma har yau in ya tuɓe riga za ka ga kanta baƙa ta zagaye ƙugunsa inda igiyar ke zama. Bai taɓa mallakar bishiya ko ɗaya ba. Na mutane yake hawa, guda saba'in, ya ba masu su rabonsu. Da la'asar yakan hau, ya fere fuskar bishiya siriri kamar mai aske jariri, ya soka ɗan bututun gora, ya rataya tulu. Da asuba ya sake hawa ya sauke. Kowace shekara gefe ɗaya ake ferewa, shekara mai zuwa ɗaya gefen, shi ya sa jikin bishiyar ke zama kamar tsani. Atiar bai san shekarunsa ba, sai dai in an tambaye shi ya nuna wata doguwar bishiyar dabino da ke bakin kududdufin masallaci ya ce, "Ku ƙirga tabonta, ku ƙara goma sha biyu."

Abin da ya bambanta shi da sauran masu hawa shi ne hutu. Bishiya in ta huta kwana huɗu aka fere ta, ruwan daren farko shi muke kira ruwan hutu. Shi ne mai ƙamshin da ake jiyowa tun daga hanya. Na dare na biyu ya rage armashi, sai dai a yi mazarƙwaila mai ruwa-ruwa da shi. Na dare na uku kuwa Atiar ba ya ma rataya tulu, yakan ce rabon tsuntsaye ne. Curin mazarƙwaila ba ya yarda a yi shi sai da ruwan hutu zalla. A rumfar shayin Jobbar sukan tsokane shi, suna ce masa Bhai, wato ɗan'uwa.

"Atiar Bhai, bishiyoyinka sun fi ma'aikatan gwamnati hutu."

"Su ai in sun dawo daga hutu suna aiki," in ji shi.

Shi ke hawa, ni ke dafawa. Haka muka yi shekara arba'in. Ya dire min tuluna a bakin murhu ya wuce, domin hayaƙi yana sa idanunsa ruwa. Ni kuma in tace, in juye a babban kaskon ƙarfe, in yi ta tura karan shinkafa har ruwan ya yi ja, ya yi kauri, in sauke in buga shi, in zuba a ganye. Kafin curi ya gama daskarewa nakan yi bismillah in danna babban yatsana a kusurwarsa. Yatsan yana da tabon wuƙa tun ina yaro, saboda haka shaidar takan fito da tsaga a tsakiya. Ba wanda ya koya min wannan, al'adata ce kawai.

Da ya ba ɗana 'yarsa, muka zama surukai, muka koma kiran juna Beyai. Tun daga nan bakinsa bai bar ni na huta ba.

"Beyai, shekara arba'in a cikin hayaƙi. Da kifi ne kai da tuni ka zama banda an sayar."

Ni ba mai yawan magana ba ne. Sai in yi murmushi in tura kara.

To a wannan safiyar ta hazo Morjina ta ɗauke shi yana saukowa daga bishiya, tulu a ƙugu, kamar mutumin da ke saukowa daga gajimare. Ya wuce wata bishiya bai hau ba, sai aka ji muryarta tana tambaya, "Abba, wannan fa?"

Ya dafa bishiyar ya ce, "Hutu take yi. Bishiyar da ba a bari ta huta ba, ƙarya take zubawa a tulu."

Ta tura wa Mizan. Mizan ya ɗora a Fesbuk don abokan aikinsa su gani. Kafin sati ya zagayo, an ce mutanen da suka kalla sun fi mutanen gundumarmu yawa. Ana ta tambaya a ƙasan hoton, ina ake samun mazarƙwailar wannan tsoho? Morjina ta yi aji goma, kanta kuma yana ja. Ta buɗe shafi, ta sa masa suna Ruwan Hutun Atiar Gachhi, ta ɗora fuskar ubanta.

Wata rana da hantsi ya zo shan shayi gidana, ta zauna a bakin ƙofa tana yi mana bayani.

"Mutumin Dhaka in yana son mazarƙwaila ba kasuwa yake zuwa ba. Rubutawa yake yi a waya, mazarƙwailar dabino ta gaske. Wayar kuma sai ta duba wanda mutane suka fi ambata, suka fi tura wa juna, ta ɗora shi a sama. Yanzu kai ne a sama, Abba. Wasu ma sunanka kawai suke rubutawa."

Atiar ya tsoma gugguru a shayinsa ya ce, "Wato ita ma wayar 'yar gulma ce. Abin da ta ji a bakin mutane take maimaitawa."

"Kusan haka ne."

"To Allah ya sa alheri take ji."

Muka yi dariya, har da ni.

Aka fara aike. Morjina ta naɗe curi a takarda, ta sa a kwali, mai keken kaya ya kai ofishin masu kai saƙo a gari. Kuɗin da ake biya ya ninka na kasuwar Laraba sau uku. Atiar ya sayi bargo sabo da takalmin roba, sauran ya ba 'yarsa ta ajiye. Shi dai bai canja komai ba. Bishiya saba'in, hutu kwana huɗu.

Nan ne nawa ya shigo. Curin ruwan hutu baƙi-baƙi ne, mai laushi, in ka danna ya lotsa. A hanya yakan farfashe, wani ya narke a kwali. Mutum biyu ko uku suka yi ƙorafi. Na san maganin abin, kowa a sana'ar ya sani: ɗan sukari kaɗan a kasko, curi ya yi tauri, ya yi haske. Na ce wa kaina ai don hanya ne. Tafi ɗaya na fara zubawa. Curin ya fito yana ƙyalli, Morjina ta ɗauke shi a hoto ta ce, "Abba, na yau ya fi kyau a waya."

Da sanyin shekara ta biyu ya zo, masu nema suka yi yawan da bishiya ɗari uku ma ba za ta ishe su ba. Morjina ta same ni a murhu.

"Abba, zan rubuta ya ƙare, su jira wani satin."

"Kar ki rubuta. In kin ce babu, ba wani wayar za ta ɗora a sama ba?"

"Za ta iya."

"To ki bar min. Akwai yaran da Abbanki ya koya wa hawa a ƙauyen gaba, zan karɓo ruwan hutu a wurinsu."

Na karɓo, amma ba ruwan hutu ba. Na dare na biyu da na uku na riƙa saye da arha, mai kumfa, mai tsami-tsami, in rufe tsamin da sukari. Sukarin kuwa a can cikin garin Jessore nake sayo shi, inda ba a san ni ba, in ɓoye buhunan a rumbun shinkafa. Matar ɗa ba ta leƙa kaskon surukinta. Atiar kuma hayaƙi ya hana shi tsayawa. Kowace Juma'a nakan dafa ƙaramin kasko na ruwan hutu zalla, in aika masa curi biyu gida. Ya ci ya ce, "Hannun Beyai bai tsufa ba."

An tambaye ni daga baya ko kwaɗayi ne. Da kwaɗayi a ciki, ba zan musa ba. Amma akwai wani abu da ya fi shi muni, wanda sai yanzu nake iya faɗa. Baƙi sukan zo daga gari a mota don su ga Atiar. Su tsaya da shi a gindin bishiya a ɗauke su. In sun zo wajen murhu sai su ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan, muna son kaskon ya fito." Sai in matsa. Shekara arba'in ina sarrafa ruwansa, amma sunana bai taɓa shiga wayar ba. Na riƙa jin cewa tunda sunan nasa ne, nauyin ma nasa ne, ni ba ruwana. Haka zuciya ke yi wa mutum lissafin banza.

A ƙarshen watan Magh, mai bin Poush, abin ya fashe. Wata mata a Dhaka, Hosne Ara, tsohuwar shugabar makaranta, ta ɗauki kanta a waya. Morjina ta kawo min na gani. Matar ta ɗaga curinmu ta buga a kan tebur, ya yi ƙara kamar bulo. Ta ce, "Ni haifaffiyar Jessore ce. Mahaifina yana da dabino arba'in. Ruwan hutu ba ya ƙyalli, ba ya ƙara, kuma in an buɗe shi maƙwabta sukan sani. Na saya ne don in yi wa mahaifiyata wainar shinkafa irin ta gida, tana kwance shekara biyu. Ta sa a baki ta ce min, wannan ba na garinmu ba ne. Tsohon nan ya ce bishiyar da ba ta huta ba ƙarya take zubawa. To wa ya zuba wannan?"

Ba ta zagi kowa ba. Masu zagin daga baya suka zo. Wannan bidiyon ya fi na hazo gudu nesa ba kusa ba. Wani ya haɗa fuskar Atiar da buhun sukari. Kafin kwana uku, in ka rubuta sunansa a waya, tun ba ka gama ba za ta ƙarasa maka da kalmar algus.

Morjina ta zauna a tsakar gida tana ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, tana karanta min abin da take rubutawa.

"Na ce musu na rantse da Allah mahaifina bai taɓa riƙe sukari a sana'arsa ba. Na ce surukina ne ke dafawa da hannunsa, mutumin da ko sallar nafila ba ta wuce shi. Daidai ne, Abba?"

Ina gyara igiyar saniya. Na ce, "Uhm."

"Wasu ne suke sayar da jabu da sunanmu. Dole haka ne."

Na sake cewa, "Uhm." Wannan uhm ɗin guda biyu sun fi buhunan sukarin nauyi a wuyana.

Atiar ba shi da babbar waya, saboda haka shi ne na ƙarshe da ya ji. A rumfar Jobbar ya ji, ina zaune a gefensa. Wani direban keken kaya, mai baki kamar reza, ya shigo ya ce, "Jobbar, shayi biyu. Kar ka sa sukari, ga mai kamfanin nan zaune, zai tsoma mana yatsa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Jobbar ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah, sa'an ubanka ne."

Atiar ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Me ake ciki?"

Direban ya miƙa masa waya. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita. Bai yi fushi ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Matar nan ta san mazarƙwaila. A ina take?"

"A waya take, Baffa."

"Waya ba gida ba ce. Ina take kwana?"

Aka sake dariya, amma shi ba wasa yake ba. A ganinsa abin kamar na kasuwar Laraba ne: in mai saye ya yi ƙorafi, ka ɗauki ƙafa ka je gidansa, ku duba kayan tare, magana ta mutu. Morjina ta yi ta nuna masa cewa ba matar kaɗai ba ce, mutum dubu ɗari ne. Ya ce, "Dubu ɗarin nan duk daga bakinta suka ji. In an toshe bututu, tulu ba ya cika." Adireshin matar yana cikin takardun aike. Ya ce ranar Asabar za mu tafi.

"Mu?" na ce.

"Da wa zan je, Beyai? Ni hawa na sani. In ta tambayi yadda ake dafawa, kai za ka yi mata bayani. Ka dafa mana curi huɗu masu kyau, ta ga bambanci da na 'yan jabu."

Kwana uku ke tsakani. Sau nawa na nufi gidansa in faɗa masa, sai in tsaya a bakin kududdufi in juyo. Na dafa curi huɗun da ruwan hutu zalla, na yi bismillah, na danna yatsa.

Ranar Asabar ya ba wani bishiyoyinsa amana, abin da bai taɓa yi ba a lokacin sanyi. Ya sa farar rigarsa ta Idi. A mota ya rungume ƙullin mazarƙwaila a cinya, yana ta hira. Da muka hau gadar kogin Padma ya ce, "Beyai, dubi ruwa. Da na dabino ne da ka mutu a bakin murhu." Na yi abin da ya yi kama da dariya.

Gidan a unguwar Mirpur ta Dhaka yake, hawa na huɗu. Mutumin da ke hawa bishiya saba'in ya tsaya yana haki a matakala, ya ce abin ba igiya, ba ya jin daɗinsa. Hosne Ara da kanta ta buɗe ƙofa. Da ta gane fuskarsa sai ta ja baya, ta ɗauka rigima ya kawo.

Ya kira ta Apa, wato yaya, ya ce, "Apa, ba faɗa na zo ba. Ni ne Atiar. Wannan surukina ne. Mun zo mu ga kayan da aka aiko miki da sunana."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce mu shigo. Ta kawo shayi. Ya kwance ƙullinsa, tun bai gama ba ƙamshi ya cika ɗakin. Daga ɗakin ciki wata tsohuwar murya ta ce, "Hosne, wa ya zo daga gida?"

Matar ta gutsura ta kai wa uwarta. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Ta ce, "Wannan shi ne. To wancan fa, Bhai?"

"Shi na zo gani. Mutane sun lalace, Apa, kowa yana iya manna hotona a kwali."

Ta ɗauko ragowar curin daga kabad ta ajiye a gabansa. Ya ɗaga ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa da farce. Ya gutsuri kaɗan ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska. Yana shirin magana ne ya juya curin, sai ya tsaya. A kusurwa ga shaidar yatsa, da tsaga a tsakiya. Ya ɗauki ɗaya daga cikin huɗun da muka kawo ya ajiye kusa da shi. Shaida ɗaya ce. Ko a kan curin da na zuba wa sukari ban fasa bismillah da danna yatsa ba, hannuna ya saba.

Bai dube ni ba. Ni kuwa ina kallon tabarmar ƙasa, ina ƙirga zarenta.

Ya ce, "Apa, na janye maganata. Namu ne. Daga gidanmu ya fito."

"To wa ke dafa muku?"

Ga ƙofa an buɗe min. Kalma ɗaya ce, ni. Ban furta ta ba. Na ji Atiar yana cewa, "Gidanmu ne, Apa. Sunana ne a kwali, ni kika saya wa. Abin da kika faɗa gaskiya ne. Ki yafe mana, ki roƙar mana Inna ita ma."

Ta so ta biya curi huɗun, ya ƙi. Ta raka mu har matakala.

A motar dawowa ba hira. Hannunsa a kan cinya, inda ƙullin yake ɗazu. Sai da muka sake hawa gada ya yi magana, yana kallon taga.

"Beyai, wadda kake aiko min ranar Juma'a fa?"

"Ta gaske ce."

"Na sani. Shi ya sa na tambaya. Da na ɗauka ko tsufa ne, hannu ya manta. Ashe bai manta ba."

Iyakar abin da ya faɗa min ke nan a kan maganar, daga ranar har yau. Da ya zage ni a gaban fasinjoji, da na fi samun sauƙi.

Bai faɗa wa 'yarsa ba. Ta tambaye shi, ya ce an yi magana, an rabu lafiya. Na gane zai bar ta ta ci gaba da zama a gidana tana dafa min shinkafa, tana ɗauka aikin 'yan jabu ne. Washegari da hantsi na kira ta, na buɗe rumbun shinkafa, na janye kara, na nuna mata buhu uku da suka rage.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, abin da ta daina yi a gabana tun shekarar farko ta aurenta. Daga bayan mayafin ta ce, "Na rantse da Allah a gaban mutane, Abba. Kana zaune."

"Ina zaune, uwata."

"Me kake so in yi yanzu?"

"Ki ɗauko wayar."

Ta ɗauke ni a bakin murhu, buhunan a gefena. Na faɗi sunana da sunan ubana. Na ce ni na zuba, Atiar bai sani ba, 'yarsa ba ta sani ba. Na ɗaga yatsana na nuna tabon. Ga shi dai sunana ya shiga waya, kamar yadda na daɗe ina so.

Na ɗauka abin kamar tulu ne. Tulu in ya yi tsami, cusa masa kara ake yi a ƙona cikinsa, ya dawo kamar sabo. Bayan sati na tambayi Morjina mutum nawa suka gani. Ta ce ɗari huɗu da 'yan kai.

"Wancan na Hosne Ara fa?"

"Ya wuce dubu ɗari tara."

"Me ya sa nawa bai tafi ba?"

"Ba wanda ke tura wa abokinsa tsoho yana ba da haƙuri, Abba. Ba daɗi a ciki."

Hosne Ara ta yi abin da za ta iya, Allah ya saka mata. Ta goge nata, ta rubuta cewa mutumin ya zo har gidanta da ƙafarsa, kuma ta ga bayanin wanda ya yi laifin. Amma waɗanda suka kwafa sun riga sun kwafa. Na je wurin mai gyaran waya a gari na tambaye shi ko akwai ofishin da ake zuwa a wanke suna. Ya dube ni ya ce, "Baffa, in ka samu ka zo ka faɗa min, ina da masu nema da yawa."

A ƙauye kowa ya san gaskiya yanzu. Direban nan ma ya je ya ba Atiar haƙuri, ya dawo da tsokanarsa kaina, kuma daidai ne. In na shiga rumfar Jobbar akan ce, "A ɓoye gwangwanin sukari." Ina shan shayina in fita. Mizan ya yi wata biyu bai kira ni ba, daga baya ya kira. Morjina tana nan gidana, tana yi min duk abin da 'ya ke yi wa uba, sai dai mayafin bai koma baya ba tukuna. Amma wanda ke Dhaka ko Chittagong, in ya rubuta Atiar Gachhi, abin da yake fara gani fuskar Beyai ce kusa da buhun sukari. Na sa an duba min a watan jiya. Tana nan. Tawa fuskar sai an yi ta gangarawa ƙasa kafin a same ta.

Morjina ba ta rufe shafin ba. Ubanta ne ya hana, ya ce wanda ya gudu daga rumfarsa ya amsa laifi. Ta cire hotunan curi masu ƙyalli, ta sa baƙaƙen. Masu saye ba su fi talatin ba yanzu, yawancinsu mutanen da Hosne Ara ta turo ne. Mafi yawan kwanaki abin da ke rubuce a shafin shi ne, ya ƙare, bishiyoyi suna hutu.

Atiar yana nan da ransa a gidansa na bakin kududdufi. Gwiwa ta fara ba shi wahala, ya rage bishiyoyi zuwa ashirin da biyar. Ya gina ɗan murhu a bayan ɗakinsa, shi ke dafawa da kansa, idanunsa suna ruwa, Morjina tana zuwa da safe ta taya shi bugu. In mun haɗu a masallaci yakan ba ni hannu, ya kira ni Beyai, ya tambayi tarina. Tulunansa dai ba su sake zuwa bakin murhuna ba.